Ranar da Na Kai Kaina Caji Ofis a Sabon Birni

Ba na jin za ni taɓa mantawa da ranar da na buge Nomau da motar ofis a hanyar Gatawa. Ku da kuka kama aikin tuƙi bayan na aje, kun tambaye ni abin da ya kamata direba ya yi idan tsautsayi ya afka masa a hanya, ko ya shirya da mutane a wurin, ko ya kai magana ga hukuma. Gara in ba ku nawa labarin yadda ya faru, ku ɗauki abin da za ku ɗauka.

A lokacin ni ne babban direba a wani ofishin ayyukan gona da ke Isa, saura shekara biyu in yi ritaya. A tsarinmu akwai direba, akwai babban direba, sama da su kuma akwai jami'in sufuri, wanda ke riƙe da takardun motoci, kuma ba motar da ke fita sai ya sa hannu. Namu a wancan zamanin Alhaji Mainasara ne, mutum mai sanyin hali, mun daɗe tare.

Ƙa'idar ofis a kan haɗari ba ta da tsawo. Ka kai wanda ya ji ciwo asibiti, ka sanar da jami'in sufuri, ka kai rahoto ga 'yan sanda kafin kwana ɗaya ya cika. Su 'yan sanda za su je wurin su auna, su zana yadda abin ya faru, jami'in duba motoci ya gwada birki da taya, sannan a rubuta rahoto. Da wannan rahoton ake tunkarar kamfanin inshora. In babu shi, ko kallon takardarka ba za su yi ba. Mafi yawan direbobin tasha ƙaramar inshora suke yanka, wadda ba su san amfaninta ba sai nuna wa jami'ai a shingen hanya. Motocin ofis kuwa cikakkiya gare su, wadda ke ɗaukar gyaran mota da jinyar wanda aka buge. Na san duk wannan kamar sunana, amma ban taɓa buƙatarsa ba sai ranar.

Farkon damina ne, an samu ruwan shuka kwana biyu kafin nan. Aka ba ni a-kori-kura cike da buhunan irin gero da dawa mai saurin nuna, in kai ma'ajiyarmu ta Sabon Birni a raba wa manoma. Tare da ni akwai Malama Hadiza, malamar gona, wadda a haife na haife ta, Baba take ce mini. Kun san yadda hanyar nan take a waɗannan shekarun. Ba a fita da sassafe sai motocin haya sun wuce an ji labarin lafiya, kuma duk inda kake ka tabbata ka dawo kafin la'asar, saboda 'yan bindiga. A ranar lodi ya ja mu, ba mu bar Isa ba sai da rana ta kusa tsaka. Ina tuƙi ina lissafin lokacin sauke kaya da na dawowa, idona rabi a kan kwalta rabi a cikin daji. Ƙafata ta yi nauyi a kan totur, na kuma sani. Malama ta dube ni sau ɗaya, amma ba ta hana ni ba, don ita ma so take mu wuce dajin nan.

Mun kusa Gatawa, akwai wata kwana mai kwalbati da sabara ta rufe gefenta. Daga wata 'yar hanyar gona sai ga mashin ya fito, da buhu biyu na gero ɗaure a baya. Na taka birki, motar da nauyin kaya ta ja ƙafa, na karkata sitiyari, amma gefen bamba ya same shi. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Da motar ta tsaya na kasa sakin sitiyari, sai da Malama ta kira sunana sau biyu.

Mutumin na kwance a gefen kwalbatin, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, jini na zuba ta bayan kunnensa. Amma idonsa biyu, yana salati. Ba zai wuce shekara talatin da biyar ba. Malama ta cire gyalenta ta ɗaure masa kai. Masu shuka a gonakin kusa suka yar da sungumi suka taho, cikinsu har da wani dogon mutum mai furfura a gemu, wanda ya durƙusa ya riƙe kan mai ciwon yana kiran Nomau, Nomau. Shi ne Labbo, wansa uwa ɗaya uba ɗaya.

Na yi zaton duka ko zagi, ban samu ko ɗaya ba. Kowa sai waige yake, don tsayuwar mota da taron mutane a wannan wuri ba alheri ba ne. Labbo ya ce a ɗauke shi maza a bar kan hanya. Ya so a kai shi gida a kira mai ɗori, Malama ta ce jinin kan nan ba na mai ɗori ba ne, sai asibiti. Bai yi gardama sosai ba, amma ya ce ba za a bar mashin ɗin a nan ba. Aka ɗora mashin ɗin da geronsa a kan buhunan iri, aka kwantar da Nomau a kujerar baya, kansa a cinyar wansa. Ban san yadda na kai mu Sabon Birni ba. Duk ramin da na faɗa sai in ji nishinsa a bayana.

A asibiti suka karɓe shi, suka ɗinke kan, suka ɗaure ƙafar. Ni kuma na fita na nemi inda sabis yake na kira Alhaji Mainasara. Ya saurare ni har na gama, ya tambaya ko mutumin na magana, na ce yana yi. Ya tambayi motar, na ce fitila ɗaya ta fashe, bamba ta lotsa. Sannan ya ce:

"Arzika, saura maka shekara biyu. In danginshi sun yarda ku shirya, ka kai motar wurin mai gyara ta kwana can, ni ban ji wagga magana ba. In ko ka je caji ofis, takarda za ta shiga fayil ɗinka, kuma ba ni iya fidda ta. Motar ma za su riƙe ta, ga iri bai kai ga manoma ba. Ka duba dai."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in na yi shiru kuma abin ya juya fa?"

Ya ce shi ya sa ya ce in duba.

Ba mugunta ta sa ya faɗi haka ba, tausayina ya ji. Kuma gaskiya zuciyata ta karkata wajen. Na san mai gyaran da zai buge bambar nan kafin magariba ba wanda zai gane. Na san Malama ba za ta tona ni ba. Na tuna gidana a Kamarawa, da 'ya'yan da ke makaranta, da yadda ake kallon direban da aka ce ya buge mutum. Na shiga masallacin asibiti in yi azahar, na sallame ban san raka'a nawa na yi ba, sai da na sake.

Da na fito Labbo na jirana a gindin dogonyaro. Ya ja ni gefe, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce su sun yafe, abin da Allah Ya rubuta ne, ƙanensa ma bai tsaya ya duba hanya ba. Ba sa neman komai a wurina, in sauke musu mashin in kama gabana. Abu ɗaya kawai yake roƙo, kada maganar ta je ga 'yan sanda.

Wato abin da nake so a raina shi ne ake roƙona in yi. Amma yadda ya nace a kai ya sa na tambaye shi dalili. Da farko ya ce ba komai. Da na matsa, sai ya faɗa mini. Mashin ɗin a hannun wani ɗan kasuwa suka saye shi, daga tsallaken iyaka ya shigo da shi, ba takarda, ba lamba. A wannan lokacin kuwa, wanda aka gani da mashin marar lamba ɗauke da hatsi a bakin daji, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa yake kai wa. Geron nan na gidansu ne, kasuwa Nomau zai kai ya sayo taki, amma wa zai tsaya ya yarda? Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi shi. Ƙauyensu, wanda ba za ni faɗi sunansa ba, yana cikin garuruwan da mutanen daji ke shiga su fita yadda suka so. Sun riga sun yi gargaɗi cewa duk wanda aka gani yana hulɗa da masu kaki, shi da gidansa su kuka da kansu.

"Malam," ya ce, "kai in ka kai magana caji ofis, cikin gari za ka koma ka kwana. Mu daji za mu koma. In motar 'yan sanda ta shiga garinmu neman bayani, ba Nomau kaɗai ka buge ba."

Na ce ya ba ni lokaci kaɗan.

Na koma ɗakin da aka kwantar da Nomau. Malama na zaune kusa da gadon. Ya buɗe ido ya tambaye ta ina buhunansa, ta ce suna mota. Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya, ta sake ba shi amsa. Da ya yi ta uku, da murya ɗaya kamar bai taɓa yi ba, sai muka haɗa ido ni da ita. Can ya yunƙura ya yi amai. Ma'aikacin jinyar da ya zo gyara wurin ya ce mini a hankali, shi ba ƙafar ce ke damunsa ba, kan ne, kuma su a nan ba su da na'urar da za ta nuna abin da ke ciki. Za su sa ido zuwa gobe.

Na fita baranda, Malama ta biyo ni. Na tambaye ta ita me ta gani. Ta ce, "Baba, ni duk abin da ka yanke ba za ni ƙaryata ka ba. Amma in anka ce gobe sai Sakkwato, wa za shi ɗauki nauyin? Ofis bai san da haɗari ba, inshora ba ta sani ba. Kai da Labbo ne kaɗai."

Abin da nake ta gudun tunawa ke nan. In muka yi shiru, jinyar kai a babban asibiti ba abin da ni ko Labbo za mu iya ba ne, ko da mun sayar da abin da muka mallaka. Gida za a mai da shi a yi ta addu'a. In kuma rai ya yi halinsa bayan kwana uku, ga direban gwamnati ya buge mutum, ya gyara mota a ɓoye, bai faɗa wa kowa ba. Yafewar da aka yi a gindin bishiya ba ta a rubuce, kuma Nomau na da mata da dangin uwa da ban ji ta bakinsu ba. In na je caji ofis kuwa, ga abin da Labbo ya faɗa, kuma na san ba ƙarya yake ba. Na yi ta kai da komo a barandar nan har rigata ta jiƙe. Kowane ɓangare na juya sai in ga mutum a ciki.

Abin da ya yanke mini shi ne wanda ke kwance. Labbo na tsoron abin da zai iya zuwa, ni ina tsoron fayil, shi kuwa Nomau nasa ya riga ya zo, yana cikin kansa.

Na sami Labbo inda na bar shi. Na ce masa za ni je, kuma ban so ya ji a bakin wani. Na gaya masa abin da ma'aikacin jinya ya ce, na yi masa bayanin inshora gwargwadon yadda zai gane, cewa akwai kamfanin da ofis ke biya duk shekara don irin wannan rana, amma ba ya motsi sai da takardar 'yan sanda. Ya ce su ba su san wannan ba, ba su kuma nema ba. Na ce za ni roƙi kada a aika kowa ƙauyensu. Ya riƙe hannun rigata, ya ce:

"Kana yi min alkawarin abin da ba hannunka yake ba."

Na ce haka ne. Ya nemi a sauke mashin ɗin ya ɓoye shi gidan wani. Na ce in aka ɓoye shi sannan aka gano, zargin da yake gudu shi ne zai tabbata, gara a gan shi da geronsa yadda yake. Sannan ya saki rigar, ya juya ya shiga wurin ƙanensa.

Daga asibiti zuwa caji ofis ba nisa, amma sau biyu ina rage gudu kamar in juya. Malama na gefena. Muka tarar da Sufeton da ke kula da haɗurran hanya, wani dattijo mai tabarau, ya kusa sa'ana. Na ba shi makulli da lasisi da takardun mota, na faɗi abin da ya faru, yana rubutawa. Da ya zo kan gudu ya tambaye ni, na ce na wuce abin da ofis ya ƙayyade mana da kaya. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaya ko na san abin da nake sa shi ya rubuta. Na ce na sani, alamar taya na nan a kwalta, ko ban faɗa ba za ta faɗa.

Sannan na ce ina da roƙo. Na kwashe abin da Labbo ya gaya mini na faɗa masa, na mashin da na ƙauye. Ya aje biro. Ya ce maganar mashin ba shi kaɗai ke da ita ba, dole a bincika, amma maganar ƙauye ya gane, shi ma ya shekara uku a yankin nan. Ba zai aika mota ƙauyen ba. Bayanin mai ciwo da na wansa a asibiti zai ɗauka, kuma da kayan gida zai je.

Duk da haka doka sai ta bi hanyarta. Aka sa ni bayan kanta, na cire hula da agogo, na zauna a benci tare da wani da aka kamo kan rigimar iyakar gona. A nan na yi la'asar. Duk wanda ya shigo sai in sunkuyar da kai kada ya zama wanda ya san ni. Duk wayar da ta yi ƙara a kan teburin sai gabana ya faɗi, in ce daga asibiti ne, an ce ya cika. Gab da magariba Malama ta tsaya mini da katin aikinta aka ba da belina. Ita ta kira Alhaji Mainasara ta gaya masa. Ta ce ya yi ajiyar zuciya, ya ce to, tunda an yi, a yi shi daidai, a turo masa lambar rahoton da safe.

Washegari da hantsi muka je wurin haɗarin tare da Sufeto a motar haya, shi da wani ɗan sanda, duk cikin kaftani. Suka auna jan taya, suka zana kwanar da kwalbatin, ba mu yi minti goma sha biyar ba muka juyo. Muna shiga gari Malama ta kira ta ce in zo asibiti. Nomau ya ƙi farkawa sosai, in an kira shi sai ya buɗe ido ɗaya ya rufe. Likita ya rubuta takardar tura shi Sakkwato, ya ce yau, ba gobe ba.

A nan na ga amfanin takarda da idona. Sufeto ya ba da rahoton farko, Alhaji Mainasara ya aika wa kamfanin inshora, ya samu shugaban ofis ya sa hannu a wasiƙar cewa ofis ya ɗauki nauyin jinya kafin kamfani ya kammala nasa. Kafin azahar an sa Nomau a motar asibiti, ta bi ayarin da jami'an tsaro ke rakawa. Labbo ya shiga ya zauna kusa da shi. Na tsaya a bakin ƙofar motar na ce Allah Ya ba da lafiya, ya amsa da amin, bai dube ni ba.

Kwana biyu na yi ba na iya cin abinci. A na uku Malama ta samu labari cewa an yi masa aiki, an cire jinin da ya taru a cikin kan, ya farka ya nemi ruwa. Likitocin can sun ce da an ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin. Na shiga bayan ma'ajiya inda ba kowa na zauna a kan buhu, na daɗe ban fito ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Motar ta yi kwana tara a caji ofis kafin jami'in duba motoci ya zo, irin sai da aka kwashe shi a wata motar, wasu manoman sun same shi a makare. Kamfanin inshora ya turo wakilinsa da fom-fom, ya ɗauki hoton mota, ya nemi rahoton likita, ya nemi cikakken rahoton 'yan sanda, ya dawo da wata takarda saboda an rubuta sunan Nomau iri biyu. Sai da aka yi watanni kafin su sauke nauyinsu, amma sun sauke, har da diyyar raunin ƙafar. Ni kuma an ci ni tara kan gudu, ofis ya ba ni takardar tuhuma, aka hana ni taɓa mota wata uku. Ƙarin girman da nake sa ran fita da shi ya wuce ni.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya sami Labbo. Sufeto ya cika alkawari, ba wanda ya taka ƙauyensu. Amma maganar mashin ta sa an kira Labbo caji ofis sau biyu bayan ya dawo daga Sakkwato, sai da mai garinsu ya aiko da shaida cewa manoma ne, an san su kaka da kakanni, sannan aka rufe zancen. Zuwansa na biyu ya faɗo ranar kasuwa. Wani ya gan shi yana fitowa. Ba a yi mako ba saƙo ya iso ƙauyen cewa ana son ganin Labbo a daji ya yi bayanin abin da ya kai shi. Bai jira ba. Ya kwashi iyalinsa da na Nomau, mata da yara, suka taho Sabon Birni gidan surukinsa da abin da suka iya ɗauka a ka. Gonakin da suka shuka da ruwan farko ba wanda ya yi musu noma. Shekarar nan ba su girbe ko dami ɗaya ba.

Da na ji, na je na same shi. Yana zaune a ƙofar gidan surukin yana gyaran wata tsohuwar fartanya da ba shi da inda zai kai ta. Nomau na kan tabarma a gefe, da sanda, an aske rabin kansa, tabon ɗinki ya zagayo har goshi. Shi ya fara miƙo mini hannu, yana murmushi, ya ce an gaya masa ni ne direban, shi bai tuna komai ba daga fitowarsa gona. Na durƙusa na ba su haƙuri, na ce abin da Labbo ya ji tsoro ya faru, kuma ta dalilina.

Labbo ya ci gaba da abin da yake yi. Can ya ce, "Ga ƙanena nan zaune, ina ganinshi. Gidanmu kuma da gonarmu na can, ba mu iya zuwa. Duka biyun kai ne. Ban san wanda za ni fara gaya maka ba."

Ya sa aka kawo mini ruwa, na sha, muka yi sallama.

Daga baya Malama ta yi ƙoƙari aka sa su cikin waɗanda ofis ke ba aron fili a fadama lokacin rani. Nomau, da abin da ya samu daga kamfani, ya kafa teburin awo a kasuwa, yana sayar da gero da wake. Yana ɗingishi, kuma in rana ta yi zafi kan na sara masa, amma yana ciyar da gidansa.

To ga abin da na koya, ku da ke riƙe da makullan yanzu. In ka buge mutum, ka kai rahoto, ko an ce an yafe, domin a wurin haɗari ba wanda ya san abin da ke cikin jikin mai ciwo, kuma wanda ya yafe maka ba shi ne ke kwance ba. Amma kada ka ɗauka don ka bi ƙa'ida ka gama da mutane. Wanda ya rubuta ƙa'idar ofis bai san ƙauyen Labbo ba. In mutum ya roƙe ka kada ka je ga hukuma, ka tsaya ka ji abin da yake tsoro, ka gaya masa a gabansa abin da za ka yi, sannan ka ɗauki tsoron nasa ka kai wa jami'in tare da rahotonka. Akwai masu ji a cikinsu. Ni inda na gaza, na yi tunanin motar 'yan sanda a ƙauye, ban yi tunanin ƙafar Labbo a ƙofar caji ofis ranar kasuwa ba. Da na roƙi a ji bayaninsa a wani wuri, wataƙila da an yarda. Wannan yana nan a raina.

Labbo bai koma ƙauyensu ba har yau. In na shiga Sabon Birni mukan haɗu a teburin Nomau, mu gaisa, ya tambayi mutanen Kamarawa, in tambayi yara. Bai taɓa ce mini na kyauta ba, ni ma ban taɓa sa ran ya faɗa ba.